Ƙulli Tara

Akwai maganar da kuka tashi kuna ji a gidan nan da gidan kakanku, har ta zauna muku daram: wai a shekarar da shanu suka cinye gonakin dawa a ƙasar Shagari, tsufa ne ya ci ƙarfin kakanku, ya manta ranar da kwamiti ya tsayar, ya ba makiyaya wata rana daban. Na ji babban yayanku yana ba 'ya'yansa labarin a wurin suna, da murya irin ta tausayi, ni kuwa ina gefe ina ɓare goro ban gyara masa ba. Yanzu gwiwa ta ƙi ni, ido ma ya fara yi mini rowa, na ga in ban rubuta ba zan tafi da maganar kabari, ku kuma ku ci gaba da gadon abin da ba haka aka yi ba. Ku yi haƙuri da tsawon bayani. Tsohon malamin gona ne ubanku, ban iya fara labari daga girbi ba, sai na koma kan shuka.

Kakanku na wajen uwa, Alhaji Labbo na Bodinga, yau ne karo na farko da hannuna ya rubuta sunansa haka a fili. Bakina kuwa bai taɓa furta shi ba. Surukina ne, shekara talatin da wani abu ban ci abinci a gabansa ba, ban haɗa ido da shi ba, ko a littafin ƙungiya Shugaba kawai nake rubutawa. Shi ne ya kafa ƙungiyar manoma da makiyaya ta yankinmu, bayan wata kaka da aka yi ta fasa kawuna a kan kara da harawa. Ya yi ta yawo ƙauye ƙauye da ruga ruga a kan tsohon kekensa, daga Danchadi zuwa Sifawa har cikin ƙasar Shagari, sai da ya zaunar da mutanen da ba sa ga maciji da juna a kan tabarma ɗaya. Da aka yi wa ƙungiya rajista aka naɗa kwamitin amintattu na mutum bakwai, manoma huɗu da makiyaya biyu, sai ni da aka ɗauka sakatare don ni kaɗai ne mai rubutun boko da za a iya karantawa. Aikinmu shi ne duba burtali da mashaya, da sasanta rigima tun tana ƙarama. Amma babban aikin shekara guda ɗaya ne, wato tsayar da ranar sakin gonaki, ranar da kowa ya kwashe amfaninsa, shanu su shiga su ci kara su bar taki.

Ga yadda ake yi. Kwamiti yakan zauna a zauren kakanku ranar Alhamis, kowa ya faɗi halin da gonakin yankinsa suke ciki, shi kuma ya saurara, ya yanke. In ya yanke ba mai ƙarawa, sai addu'a. Washegari Juma'a Ardo Jabbi, shugaban makiyayan da ke zuwa daga nesa su sauka a bakin daji suna jiran kaka, yakan zo da ƙwaryar nono ya gaishe shi. Kakanku ya ɗauko igiyar rama ya ƙulla ta, kowane ƙulli kwana ɗaya. Ardo ya tafi da ita, kowace safiya ya kwance ɗaya, ranar da ya kwance na ƙarshe ya saki shanu. Ni da bokona nakan yi wa abin dariya a zuci, ina ganin ga takarda ga shela a kasuwa, daga baya ma ga waya, me za a yi da igiya. Amma shekara ashirin igiyar nan ba ta taɓa saɓawa ba, kuma Ardo bai san wata ƙungiya ba in ba ita ba.

Sai tsufa ya fara taɓa shi, kamar yadda yake taɓa ni yanzu. Ba wani abu ne babba ba. Yakan maimaita labarin kafa ƙungiya sau biyu a zama ɗaya, mu kuma mu yi dariya a wuraren da muka saba yi. Wata rana ya tambayi me ya hana wani ɗan kwamiti zuwa, alhali mutumin ya shekara da rasuwa. Zaman da ake yi cikin awa ɗaya ya koma daga hantsi zuwa azahar. Wasu baƙi masu tallafa wa ƙungiyoyi suka zo daga Sakkwato, suka duba tsarin mulkinmu, suka ga an rubuta zaɓe duk shekara uku, suka tambayi yaushe aka yi na ƙarshe. Muka kalli juna. Zaɓe dai ana yi, in za a kira shi zaɓe: wani ya tashi ya ce Alhaji ya ci gaba, a shafa fatiha, a raba goro.

Mataimakinsa Alhaji Mani, mai sayen albasa a Shagari, mutum ne mai son a yi abu a gama. Bayan tafiyar baƙin ya tara mu shida a rumfarsa, ya ce lokaci ya yi da za a ɗaga Alhaji zuwa uban ƙungiya, a ba shi girmansa ya huta, a zaɓi mai jini a jika. Kowa ya ce maganar ta yi. Da aka zo kan wa zai je ya faɗa masa, sai duk idanu suka juyo kaina, wai ni ne na gida. Na ce su ji tsoron Allah, mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba, shi zan duba in ce ya tsufa ya sauka? Na mayar wa Alhaji Mani, ya ce shi in ya faɗa za a ce kujera yake so. Makiyayan biyu suka sunkuyar da kai, su da kunya ta fi ta kowa. Muka yi ta jefa wa juna maganar kamar garwashi, har la'asar ba wanda ya karɓa.

Ban tuna wanda ya fara kawo dabarar ba, kuma ba na so in tuna, don ina jin ni ne. Aka ce to, a bar zaman Alhamis a zaurensa yadda yake, kada ransa ya ɓaci. Ranar Asabar kuma mu shida mu haɗu a rumfar Alhaji Mani a Shagari mu yi zaman da za a yi aiki da shi. Na sayo littafi na biyu. Mai baƙin bango na zaure, mai jan bango na rumfa. Mun tashi a ranar muna jin mun yi abin kirki, mun rufa wa dattijo asiri, mun kuma ceci ƙungiya. Har wani ya ce wannan ita ce tarbiyya, ba irin ta 'yan birni masu tsige iyayensu da ƙuri'a ba.

Shekara biyu muka yi a haka, kuma abin da ban lura da shi ba sai daga baya shi ne yadda zaman Alhamis ya bushe. Tunda mun san ba a nan ake yankewa ba, sai muka daina kawo masa labari. Mai rigimar burtali ya ajiye ta sai Asabar. Wanda ya ga ɓarna a mashaya ya ajiye ta sai Asabar. Kakanku ya tambaya, a ce masa lafiya lau, ya yi hamdala, ya ce ƙasa ta zauna. Sai ya zama duk abin da ya yanke bai dace da halin da ake ciki ba, mu kuma mu fita muna girgiza kai muna cewa ka gani ko, tsufa ya zo. Mu ne muka rufe masa ido, sannan muka koma muna tausayin makantarsa. Wannan ya fi komai ci mini rai in na tuna.

A shekarar da nake ba ku labari ruwa ya yi wasa da mutane. Ya sauka da wuri, aka yi shuka, ya ɗauke kusan wata guda. A ɓangaren Bodinga shukar farko ta tsira, a wasu ƙauyukan Shagari kuwa ta ƙone sai da aka sake. Da kaka ta zo, mu nan mun gama ɗaure dammuna, su can dawarsu tana tsaye ba ta gama bushewa ba, wake ma yana kwance a ƙarƙashinta. Duk mun san haka. Ni na fi kowa sani, don aikina ne, da ƙafata na shiga gonakin. Ranar Alhamis ɗin tsayar da rana muka zauna a zaure, kakanku a kan buzunsa, ya tambayi kowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce alhamdu lillahi an kwashe. Ya ce to daga gobe Juma'a kwana tara. Sannan ya juyo inda nake, abin da ba kullum yake yi ba.

“Sakatare, kai ka shiga gonaki. Can wajen Shagari hwa, sun ƙare? Ruwan bana ba su yi daidai ba.”

Na ce, “Sun kusa, Baba.”

“Tara ta ishe su?”

“Ta isa, in Allah ya so.”

Kun ga tambayar da ya yi. Wannan ba tambayar wanda hankalinsa ya gushe ba ce. Da na ce masa ba ta isa ba, da ya ƙara kwanaki a nan take, don shi bai taɓa jin nauyin gyara maganarsa ba. Amma ina ganin in na buɗe maganar za a kai azahar ana yi, ga shi ina da wurin zuwa, kuma ai jibi Asabar za a gyara. Na rubuta tara a baƙin littafi, aka shafa. Ranar Asabar a rumfa ba a daɗe ba aka ƙara mako uku a kan taran, na rubuta a jan littafi, aka ce a yi shela a kasuwanni. Da aka zo kan Ardo Jabbi, sai aka ce shi ba ya bin shela ba ya bin takarda, ni zan hau babur in same shi a ruga in faɗa masa baki da baki. Na ce an gama.

Da na dawo gida mahaifiyarku tana tankaɗe a tsakar gida. Ta je gaishe da iyayenta ranar Juma'a, ta dawo da labari kamar yadda ta saba. Ta ce ta tarar da Ardo ya zo, Baba ya ƙulla masa igiya, har yana yi masa tsiya wai yatsunsa sun tsufa amma ƙullinsu bai tsufa ba. Tana faɗa tana dariya. Ni kuwa sai a lokacin na tuna ƙulli tara ne a hannun Ardo. A shekara biyun da suka wuce ranar da aka tsayar a zaure da wadda aka tsayar a rumfa sun zo ɗaya, shi ya sa ban taɓa tsayawa na yi tunanin igiyar ba.

Ranar Litinin na tada babur na kama hanyar ruga. Na je har mararrabar da ake barin kwalta, na tsaya, na kashe babur. Me zan ce wa Ardo? In ce igiyar da Alhaji ya ƙulla masa da hannunsa ba ta da aiki, akwai wata rana da aka tsayar a wani wuri? Kafin magariba duk rugagen yankin sun ji, kafin Juma'a maganar ta dawo zaure. Na daɗe a wurin ina kallon hanya. Wata mai tallan nono ta fito daga wajen rugar, na yago takarda na rubuta sabuwar rana, na ba ta na ce ta kai wa Ardo, alhali na san ba mai karanta ta a can. Na juya gida ina gaya wa kaina cewa hanya mafi sauƙi ita ce in je wurin Baba in ce masa na sake dubawa dawar Shagari ba ta yi ba, shi da kansa ya aika a ƙara ƙulli. Ranar Laraba na je da wannan niyya. Na tarar da baƙi a zaure, yana ganina ya nuna ni ya ce musu ga wanda shekara ashirin bai taɓa kawo masa labarin da ba haka ba. Na gaishe su, na zauna kaɗan, na tashi. Na ce gobe. Goben ma na ce gobe, Alhaji Mani kuwa yana can yana zaton na je ruga tun Litinin.

Ranar Lahadi da safe Ardo Jabbi ya kwance ƙulli na tara, ya saki shanu. Kafin hantsi sun shiga gonakin wani ƙauye, dawa tana tsaye. Wanda bai taɓa ganin garke cikin dawar da ta nuna ba ba zai gane ba, abin da mutum ya yi wata biyar yana yi wa hidima kafin ya je gida ya dawo ya zama fili. Gidaje da dama suka rasa abincin shekara. Mutanen ƙauyen suka fito da sanduna, makiyaya suna cewa ranarsu ce, manoma suna cewa an yi shela saura mako uku, kuma kowane ɓangare gaskiyarsa yake faɗa. Ƙanin Ardo, magidanci mai 'ya'ya, ya rasa idonsa na hagu a wurin. Na je asibiti na gan shi, ya yi mini godiya da na zo.

Uban ƙasa ya kira zama. Da safiyar ranar muka haɗu mu shida, na zo da littattafan biyu a jaka. Alhaji Mani ya ce in aka ji muna zama biyu ƙungiya ta mutu, ba manomi ba makiyayi da zai sake sauraronmu, kuma shekara mai zuwa ba ido ɗaya za a rasa ba. Ban ce ƙarya ya yi ba, har yau ina jin akwai gaskiya a ciki. Ya ce a shiga da jan littafi kawai.

“Tsoho na,” in ji shi. “Kowa ya san ya hwara mantuwa. Ba wanda za shi riƙe shi da laihi. Mu ko in anka gane, ba mu da wurin sa kai.”

Ba wanda ya musa. Na ciro baƙin littafi na sa a aljihun babur na kulle.

A gaban uban ƙasa Ardo Jabbi bai yi dogon bayani ba. Ya ciro igiyar daga aljihu ya shimfiɗa a ƙasa. An kwance ƙullin duka, amma rama takan riƙe lanƙwasa, aka ƙirga wuraren a gaban kowa, tara cif. Ya ce shi abin da ya sani ke nan. Aka ce sakatare ya karanta abin da kwamiti ya yanke. Na tashi na karanta rana da sunayen waɗanda suka amince, na tsallake layin sama inda aka rubuta wurin zama. Uban ƙasa ya juya ga kakanku cikin ladabi, don ya girme shi, ya tambaye shi ko yana da ta cewa. Kakanku ya bi 'yan kwamiti da kallo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sami abin kallo a tabarma. Sai ya tsaya a kaina.

“Sakatare, haka munka yi?”

Na ce, “Haka aka rubuta, Baba.”

Ya ɗauke idonsa daga kaina. Sannan ya gyara zama ya fuskanci uban ƙasa.

“Allah shi ba ka nasara, in haka na, laihina na. Ni niƙ ƙulla. Wallahi tara nika tunawa, kamar yanzu anka yi. Amma mutum shida ba su taruwa su manta abu guda, ga shi kuma ɗana ya rubuta. Kaina na ya gaji ban sani ba. Ardo, ka yahe mani. Ku masu gona, ku yahe mani.”

A nan ya ce ya sauka. Mutane suka yi ta share ido, har waɗanda aka cinye wa dawa suna cewa ba komai, tsufa na kowa ne. Abin da Alhaji Mani ya faɗa ya tabbata, ba wanda ya riƙe shi, rigima ta kwanta a ranar. Da ya koma gida ya sa aka buɗe rumbunsa aka raba wa masu ɓarna, ya sayar da saniya ya kai wa ƙanin Ardo. Bayan wata ɗaya aka yi zaɓe, Alhaji Mani ya zama shugaba, aka naɗa kakanku uban ƙungiya, wato abin nan da muka kasa faɗa masa shekara biyu. Ya karɓa da godiya, ya ce da tun farko aka yi masa haka da ya fi. Ardo Jabbi kuwa bai sake sauka a yankinmu ba, kuma daga ranar ba a sake ƙulla igiya ba.

Ni ne na tsaya kai da fata aka gyara tsarin mulkin ƙungiya. Wa'adi biyu, shugaba ya sauka ko ana sonsa. Ba wani zama sai wanda aka sanar da kowane ɗan kwamiti. A wurin zama ƙarami ne zai fara magana, shugaba ya yi ta ƙarshe, kuma a tambayi kowa da sunansa ko ya yarda. Har yau ƙungiyoyi suna zuwa su kwafi tsarin nan, an ma ba ni takardar yabo a kai, ita ce kuke gani a bangon zaurena. Kowa yana zaton daga tsufan kakanku na koyi darasin.

Abin da mutanen waje ba su gani ba shi ne abin da ya faru a cikin gida. Mutumin da ya shiga fadar uban ƙasa da 'yar mantuwa irin ta kowane tsoho, ya fito bai yarda da kansa a kan komai ba. Ya daina jan sallah a masallacin unguwa, ya ce kada ya ɓata wa mutane raka'a. In an kawo masa ƙara ya ce a kai wa masu hankali. Ya ci abinci ya kira kakarku ya tambaye ta ko ya ci. Labarin kafa ƙungiya da muke gajiya da shi, bai sake ba da shi ba, don yana tsoron ya faɗi abin da ba a yi ba. Cikin wata huɗu ya zama tsohon da muka daɗe muna cewa ya zama.

Mahaifiyarku ba ta yi boko ba, amma ba a yi mata wayo. Shekara biyu tana ganin fitata kowace Asabar. Wata rana da hantsi na shigo na tarar ta ɗauko baƙin littafin daga inda na ɓoye shi, ta ajiye a kan tabarmata. Ba ta iya karanta shi ba, amma lamba tara ta san ta. Ta ce Baba kullum sai ya ce mata shi tara yake tunawa, sannan ya yi istigfari. Ban musa ba, na faɗa mata komai.

“Ban ce ka tona ma kowa ba,” in ji ta. “Ku riƙe ƙungiyarku. Amma shi ka tai ka gaya mishi, shi kaɗai. Ka maido mishi da kainai kahin shi mutu.”

Na yi mata alkawari. Ba ta sake tada maganar ba har ta koma ga Allah, ba ta kuma faɗa wa kowa ba, don ta rufa mini asiri. Sai dai tun aurenmu da ƙungiya ta zo tana tsokanata da Sakatare, in na yi laifi Sakatare, in ta ji daɗi Sakatare. Daga ranar ban sake jin sunan a bakinta ba.

Na je. Bayan la'asar ne, yana kishingiɗe a inuwar zaure, ya rame, rawaninsa ya yi masa yawa. A hannunsa akwai guntuwar igiyar rama. Kakarku ta riga ta gaya mini cewa yanzu duk sallar da ya yi sai ya ƙulla, don kada ya manta ya yi ko bai yi ba. Na gaishe shi na zauna daga nesa kamar yadda na saba, ya ce in matso. Na zo da maganar a shirye, tun daga gida nake bitar ta a kan babur. Kafin in buɗe baki ya riga ni.

“Sakatare, ba kowa nan, daga ni sai kai. Abin nan ya hana ni sakat. Ina ganin zaman nan sarai, kana zaune can wajen ƙohwa, nit tambaye ka tara ta ishe su, kac ce ta isa. Hwaɗa mani tsakani da Allah, an yi haka, ko kaina na ya ƙirƙiro?”

Ya buɗe mini ƙofa har iyakarta. Kalma biyu ta rage, in ce an yi. Na ɗaga kai na dube shi, karo na farko a rayuwata da na kalli cikin idonsa, na ga babu zargi a ciki ko kaɗan, roƙo ne kawai. Abin da ya karya ni ke nan. Da zargina yake yi, da na iya faɗa. Na ga in na ce an yi, zai gane cewa mutum shidan da ya ɗauko ya zaunar a tabarmarsa sun shekara biyu suna yi masa wasan yara, kuma wanda ya kira ɗansa a gaban uban ƙasa ya tsaya yana kallo ya ɗauki laifin da ba nasa ba. Na gaya wa kaina cewa wannan zai fi yi masa ciwo. Na daɗe ina riƙe da wannan uzuri, amma yau ba zan yi muku ƙarya ba, kaina na ji wa tsoro.

Na ce, “Baba, abin ya wuce, a bar shi.”

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce to, ya gane, Allah ya yi mini albarka da nake jin nauyin faɗa masa. Ya ce in yafe masa kunyar da ya ba ni a gaban jama'a, ni da na yi ta rufa masa asiri. Na ce na yafe. Da bakina na ce na yafe masa. Da na tashi tafiya ya miƙo igiyar ya ce in duba masa, ya ƙulla ta la'asar ko bai ƙulla ba. Na ƙirga, asuba, azahar, la'asar, uku daidai. Na ce ya ƙulla. Ya ce to madalla, tunda kai ka faɗa.

Bai kai damina ba ya rasu. Sauran biyar ɗin ma duk sun bi shi, ni kaɗai na rage, ba wanda zan kunyata yanzu sai kaina. Baƙin littafin yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona, shafin yana nan da rubutuna. Ku ɗauka ku kai gidan kakanku, ku tara kawunnanku da 'ya'yansu a zauren nan ku karanta musu, sannan ku nemi zuriyar Ardo Jabbi duk inda suke ku faɗa musu. In jikokina suka tambaye ku, kada ku ƙara cewa tsufa ne. Kakanku bai manta ba. Tara muka ce masa, tara ya ƙulla.